Awa Biyu a Saman Tashar Gare de Lyon

Jirgin ƙasan da zai kai ni Marseille sai ƙarfe uku zai tashi, ni kuwa tun kafin ɗaya na iso tashar Gare de Lyon da ke birnin Paris. A ƙasa ba a jin komai sai ƙarar tayoyin akwatuna da sanarwar lasifika. Na ja jakata na hau matakalar da ke kaiwa gidan abincin Le Train Bleu, na tura ƙofa.

Sai na tsaya cak, kaina a sama.

Rufin ɗakin kaf zane ne, an kewaye kowanne da sassaƙa mai ruwan zinare, ga manyan fitilu suna reto. Zane 41 ne a rufi da bango, akasarinsu na garuruwa da wuraren da jiragen PLM, kamfanin jiragen ƙasan da ya gina tashar, ke zuwa a wancan zamani, irin su Nice da Monaco da Orange. Wato tun daga kan kujerarka za a nuna maka inda za ka sauka. A 1901 shugaban Faransa Émile Loubet ya buɗe wurin, ana kiransa Buffet de la Gare de Lyon. Sunan yanzu, wanda ke nufin "Shuɗin Jirgi", sai a 1963 ya zo, don tunawa da wani shuɗin jirgin ƙasa da a da yake kai masu hannu da shuni gaɓar tekun kudancin Faransa.

"Bismillah, ranka ya daɗe," kusan abin da ma'aikacin ya ce ke nan da Faransanci, ya kai ni wata doguwar kujerar fata. A bayanta akwai ƙarafan tagulla na ɗora kaya, irin na taragun da. Wannan ya fi zinaren burge ni, domin masu ginin ba su manta cewa matafiyi suke jira ba.

Kifi na ci. A teburin kusa da ni kuwa an turo cinyar rago a kan keke, mai yankan yana fitar da ita siriri-siriri, ba ya ko gaggawa, ƙamshi ya cika gefenmu. Kuɗin da zafi, ban ɓoye ba, amma ban yi da-na-sani ba.

Kafin in fita na nemi zanen tsohuwar tashar jiragen ruwan Marseille, na ƙare masa kallo. Da magariba ina tsaye a bakin ruwan nan, ina laluben inda mai zanen ya tsaya.