Mu Nan Adar Ba Haka Muke Kuka Ba

Littafina na farko da Faransanci na yi tunaninsa, daga baya na sa masa rigar Hausa. Tun daga lakwal har jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, da Faransanci aka koya mini rubutu. Hausar da na sani a takarda kuwa ta littattafan soyayya ce da ake kawowa daga Kano, muna aro hannu da hannu har bango ya cire.

Da na gama, na komo Tawa, na zauna bisa tabarma na karanta wa Inna babi guda. Tana ɓarar gujiya, ba ta ko ɗago kai ba. Sai da na kai aya ta ce, "Ɗiyata, wannan matar ƴar ina ce? Mu nan Adar ba haka muke kuka ba." Maganar ta soke ni, amma gaskiya ta faɗa. Shekara biyu na yi ina sake shi, ina zama gidan biki da gidan rasuwa, kunnena a buɗe.

Wajen bugu ma na sha wuya. Mai ɗab'in ya zubar mini da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, "ƙasa" ta koma "kasa" a kwafi 300. Na yi hawaye ranar. Yanzu ba na sa hannu sai na bi kowane shafi da yatsa.

Kowace Asabar ina koyar da matasa goma sha biyu a ƙarƙashin rumfa. Ba na fara musu da ƙa'ida. Kowa ya zo da jimla biyar da ya tsinto a bakin mutane, sannan ya karanta labarinsa da ƙarfi. Inda harshensa ya yi tuntuɓe, nan gyara yake. Wani mai kabu-kabu ya fi kowa kawo zance mai rai, don yini yake yana jin fasinja a bayansa. Ƴan matan kuma hankalinsu na kan Hikayata, gasar rubuta gajerun labarai ta mata ta BBC Hausa, wadda aka soma a 2016.

Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025, masu zuwa sun ƙaru. Makon jiya wata yarinya ta ce, "Malama, in rubuta 'hwara' ko 'fara'?" Na ce ta tafi gida ta saurari kakarta, ta dawo ta gaya mini.