Montesquieu a teburin mai shayi

Wannan zangon karatun Montesquieu muke ta fama da shi, Bafaranshen nan da ya rubuta a 1748 cewa kada mai yin doka ya zama shi ke zartar da ita, shi ke yanke hukunci. Amurka ta riƙe wannan gam. Mu a Gana rabi muka ɗauka: tsarin mulkin 1992, sashe na 78, ya ce yawancin ministoci daga majalisa za a zaɓo su. To ɗan majalisar da ke kwaɗayin kujerar minista, da wane baki zai tuhumi gwamnati?

Na tayar da zancen wurin mai shayi a unguwar Nima ta Accra. Wani dattijo ya ajiye kofinsa, ya ce, "Yaro, ka karanta Liya'ul Hukkami na Abdullahin Gwandu?" Littafi ne a kan sha'anin mulki. Gobe bayan La'asar zan je gidan dattijon aro.