Kafin ku tafi Gana koyon Ingilishi

Ƙannena da kuka samu bak, wato shaidar gama sakandare, bana, na san da yawanku a nan Yamai kuna ta lissafin kuɗin mota da na makaranta don ku tafi Akra koyon Ingilishi. Ku tafi, akwai amfani. Ingilishin da muka fara tun sizyam, ajin farko na sakandare, na allo da alli ne: malam ya rubuta, mu kwafe, ranar jarrabawa mu mayar masa da abinsa. Kunne bai saba da shi ba, baki ma haka. Waɗannan biyun ba sa buɗewa sai a wurin da babu mai fahimtarka da wani harshe.

Amma ku kula da masauki. Ni da na je, gidan kawuna na sauka a Nima, wata unguwa a Akra. Wanda ya san Nima da Mamobi ya san Hausa ce ke riƙe da unguwa, daga mai shayi har mahauci har liman. Ban yi kewar gida ba ko kaɗan. Da safe in shiga aji, da an tashi in koma cikin dangi, da dare mu 'yan Nijar mu taru, Hausa, Zabarmanci, Faransanci, har barci ya ɗauke mu. Na dawo da takardar shaida a hannu, amma ranar da wata ƙungiyar agaji ta kira ni ganawar ɗaukar aiki, tambayar farko ma ban kama ta ba. Abin yana ci mini rai har yau, don na san abin da mahaifina ya sayar kafin kuɗin su taru.

Ku riƙe zumunci, ranar Juma'a ku je gaisuwa. Ɗakin kwana dai, ku raba shi da ɗan Gana wanda ba ya jin Hausa. Ku shiga trotro, ƙananan motocin haya na can, ku kaɗai, ku tambayi yaron mota inda za ku sauka. Ku je kasuwar Makola ciniki; in 'yar kasuwa ta fara da harshen Twi, ku amsa da Ingilishi, za ta biyo ku. Kunya ta cuce ni fiye da komai. Tsoron kuskure yakan sa in yi shiru, alhali mutanen nan so suke kawai su gane abin da kake nufi.

Masu tunanin Sakkwato ko Kano saboda kusa da arha, can ma haka abin yake: da kun fito daga aji, Hausa za ta tarye ku a bakin ƙofa. In can ɗin ne, ku nemi zama da ɗalibai 'yan kudu, Yarabawa ko Ibo, tun makon farko.