Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Makarantar Ɗan Fari

Makon jiya na tsaya a inda muka tare a gidan hayarmu na Kurna, a Kano. To, a wannan shekarar ta 2023 ne ɗan farina ya cika shekara 6. Ba zan faɗi sunansa ba, kun san alkunya, ko a gida "wannan yaron" nake ce masa.

Tun kafin babbar Sallah babansa ya gama yanke shawara. Akwai wata makarantar kuɗi da ta yi suna, duk shekara sai an kafa ƙaton allo a ƙofarta da hotunan yaran da suka ci jarrabawar NECO ta shiga sakandaren gwamnatin tarayya. 'Ya'yan maƙwabcin shagonsa a Kantin Kwari can suke, ya ce ɗan aji uku ma in ya ɓarke da Turanci sai ka riƙe baki. Na ce madalla, amma a bar ni in je, gani ya kori ji.

Ranar Talata na shiga a-daidaita-sahu, lokacin damina ta kankama. Ashe gidan zama ne aka mayar makaranta, bene hawa ɗaya, ƙofarsa a bakin titi. Ta dama masu walda ne, ta hagu injin markaɗe. Kwatar ƙofar ta toshe da ledojin fiya-wata, ruwan ya yi baƙi, an gitta wani ɗan katako yara suna takawa. Ajin da za a sa shi falo ne aka raba biyu da falanki, taga ɗaya, janareta na rugugi a bayanta yana turo hayaƙi ciki. Na ƙirga kawuna har na wuce hamsin, na daina.

Tsakani da Allah, karatu akwai shi. Na tsaya na saurari malamar, ta san aikinta, littattafan yaran kuma duk an bi su da jan biro. Amma da aka buga ƙararrawar tara, sai na ga babu inda za su fita. A tsaye suka ci abinci a lungun matattakala, wata 'yar mitsitsiya ta ɗora kwanonta a kan gwiwa tana kāre shi kada a ture. Daga nan zuciyata ta fita daga wurin.

Yaron nan yana da asma. Babu hunturun da ba mu kwana a asibiti ba tun yana shekara biyu. Ni na san yadda ƙirjinsa ke yin fito cikin dare, ni nake zaunar da shi a cinyata har a kira assalatu.

A hanyar dawowa na leƙa wata makaranta da ke bayan layinmu, tafiyar minti goma a ƙafa. Babu mai yabonta. Fenti ya koɗe, benci ma wasu sun karye. Sai dai akwai fili, akwai darbejiya huɗu manya, ga tuƙa-tuƙa yara suna wanke hannu, kuma kowane aji iska na ratsa shi. Shugaban makarantar, wani dattijo, bai yi mini daɗin baki ba. Ya ce, "Hajiya, wurin lissafi muna da rauni, malami ɗaya ya bar mu. Sai kin taimaka masa a gida."

Da daddare, bayan Malam ya ci tuwo, na kwashe komai na faɗa masa. Na haɗa har da kuɗin mota, don tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, masu a-daidaita kuwa sai su loda yara kamar buhunan gero don su fanshe.

Ya ce, "Ke dai bishiya kika gani. Darbejiya ce za ta koya masa karatu?"

Na ce, "Malam, karatun da ya rasa zan iya zama da shi bayan Magariba in cike masa. Iskar da zai shaƙa daga safe zuwa azahar fa, a ina zan sayo masa?"

Ya yi shiru, can ya ce ai ya riga ya biya kuɗin fom, kuma shi ba zai so ɗansa ya ƙare a inda shi ya ƙare ba. Wannan magana ta taɓa ni ƙwarai. Shi daga firamare aka cire shi aka kai shi kasuwa, har yau in takardar banki ta zo ni yake miƙo wa. Kwana uku muna gaisawa sama-sama.

Ranar Juma'a Hajiya mahaifiyarsa ta zo daga Gwammaja. Tana zama ta dube mu ta ce, "Me ya haɗa ku?" Ya bayar da nasa, na bayar da nawa kaina a ƙasa. Ba ta ba kowa gaskiya ba. Ta ce ranar Litinin da sassafe a zo a ɗauke ta, ita da jikanta, a kai su duka makarantun biyu.

Abin da ya faru a wannan Litinin ɗin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.