Abin da zafi da danshi ke yi wa tankin fiba a Yamai

Sana'ata gyaran kayan fiba ce, galibi tankunan ruwa na saman gidaje, jifa-jifa kuma ƙaramin jirgin ruwa daga bakin kogin Isa. Fiba abu biyu ne aka haɗa: tabarmar zaren gilashi, da rezin da ake shafa mata har ta sha ta daskare. Zaren ke ɗaukar nauyi, rezin ke riƙe zaren. Ƙarfin gaba ɗaya yana inda su biyun suka manne, kuma nan ne ruwa da zafi ke yin ɓarnarsu.

Mutane sun ɗauka ruwa ba ya ratsa fiba. Yana ratsawa, a hankali ne kawai. Rezin na tsotsar danshi kaɗan-kaɗan, in kuma ruwan ya samu bakin zare a buɗe, inda aka yanka ko aka huda don sa famfo, sai ya bi shi ciki kamar yadda kananzir ke hawa lagwani.

Wani Alhaji a Bukoki ya kira ni kan tankinsa mai lita 1000, shuɗi mai duhu, wanda gindinsa ya kumbura. Na ɗauki sifana ina ƙwanƙwasa jikinsa. Sama yana ba da ƙara tsaf, da na gangaro ƙasa sai sautin ya mutu, alamar shimfiɗun tabarmar sun rabu da juna. Daga ciki kuwa duk ƙuraje ne. Na fasa ɗaya, wani ruwa mai launin ƙasa ya fito yana warin tsami. Wannan ruwan rezin ne da kansa da danshi ya narkar. Da na goge wurin, zaren ya fito fari fat, ana zare shi da yatsa, babu rezin a jikinsa.

Ya ce: "Malam, ka manna masa faci yau, yara ba su da ruwa."

Na ce: "Alhaji, ka yi haƙuri. In na manna a kan jiƙaƙƙen wuri, kuɗinka kawai zan ci. Kafin wata damina zai ɓamɓare."

Ruwa shi kaɗai ba zai yi wannan aika-aika da wuri haka ba, zafi ne abokin tafiyarsa. Rezin poliyesta da ya daskare a fili, ba a gasa shi ba, yakan fara laushi wajen digiri 60, in kuma ya sha ruwa sai ya fara tun kafin nan. To a Afrilu da Mayu inuwa ma ta haura 40 a garin nan, balle abu mai duhu da ke shan rana a kan rufi tun hantsi. Ga tan guda na ruwa yana danna bangon dare da rana. Bangon ba ya fashewa lokaci ɗaya, miƙewa yake yi a hankali, kuma ba ya komawa. Zafin nan dai shi ke ƙara wa danshi saurin shiga.

Muka sauke tankin, na goge duk inda ya mutu, na wanke da ruwa mai tsabta don tsamin ya fita, na bar shi a inuwa. Gwajina mai sauƙi ne: in manna farar leda a wurin ta kwana. Muddin da safe akwai raɓa a cikinta, bai bushe ba. Shi ya sa na fi son babban gyara a hunturu, lokacin da iska ke busar da komai. Bushewa na maido wa rezin wani ɓangare na taurinsa, amma zaren da ya riga ya saki ba ya sake kamawa, sai an cire shi.

Shafawar kanta bayan sallar asuba nake yi. Katalizer, wato maganin da ke sa rezin ya daskare, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na rezin ɗin ake zubawa, a bazara ina tsayawa a 1, kuma ina kwaɓa kaɗan-kaɗan, don da rana rezin na iya daskarewa a gwangwani kafin tabarma ta sha. Tabarmar ma a leda nake ɗaure ta, nesa da ƙasa, musamman a Agusta. In ta yi danshi, aikin ya lalace tun kafin a fara.

Na taɓa gwada zaren rama a murafun tanki, don ina son mu yi amfani da namu. A rani ya yi kyau sosai. Da damina ta kankama sai ya kumbura ta bakin yanka ya tsaga rezin, saboda rama na shan ruwa fiye da gilashi nesa ba kusa ba. Har yanzu ina ganin zai yi amfani a kayan cikin ɗaki.

Tankin Alhaji na toshe masa bakin kowace huda da rezin, na shafe bayansa da farin fenti, na kuma roƙe shi ya sa a yi masa rumfa. Wanda zai sayi sabo kuma, ya tambayi irin rezin da aka yi cikinsa da shi: vinilesta ya fi poliyesta na gama-gari jure ruwa, ko da ya fi tsada.