Godiyata ga Mutanen Damagaram Bayan Wasan Piyano na Daren Asabar

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni ke faɗa, autata ke rubutawa a wayarta, don idona ya daina ganin ƙananan haruffan nan. Yau kwana biyar da tashi daga taron, har yanzu mutane na tsayawa a rumfata suna yi mini barka, ni kuwa ƙafata ba za ta kai ni kowane gida ba. Shi ya sa na ce a rubuta a nan, wanda ya gani ya isar wa wanda bai gani ba.

Yaron da ya kaɗa muku piyano ɗan farina ne. Kun san al'ada, ba na kiran sunansa, ban kuma taɓa yabonsa a gaban mutane ba. Sunan dai yau ma ba zan kira ba. Sauran maganar kuwa, ranar wanka ba a ɓoye cibiya.

Ni baduku ne, ɗan baduku. A gidanmu an san fata da aska da basilla, ba a san kiɗa ba. Na tashi ina jin Ma'azu Ɗan Alalo, ina kuma jin daɗinsa kamar kowane ɗan garin nan, amma a ganina na wancan lokaci kiɗa gadon wasu gidaje ne, mai yin sa kuma ɗan jiran a ba shi ne. Yaron yana da shekara 9 aka kawo wani mushe ɗan Togo koyarwa, ya kama haya a layinmu. Yana da ɗan piyanon lantarki a ɗakinsa. In an taso lakkwal sai yaro ya ɓace, sai a bakin tagar mushen ake samun sa. Na hana, na yi faɗa, na kai ga duka. Wata rana na ɗaga tabarmarsa na tarar da wani dogon ƙirgi da na daɗe ina nema. Ya zana masa layuka da biro, wasu ya cike su da baƙi, wasu ya bar su fari, yana koyon aza yatsu a kai cikin dare ba tare da sauti ba. A gabansa na yanka ƙirgin nan na yi ƙasan takalma da shi. Bai yi kuka ba, kallona kawai ya yi. Shekara 20 da wani abu ke nan, kallon nan bai bar ni ba.

Don haka godiyar farko ba tawa ba ce in riƙe, ta yayata ce, gwaggonsa da ta riƙe shi tun yaye. Ita ta sayar da tumakinta biyu ta ba wani mai zuwa Kano ya sayo masa piyanon lantarki na hannu mai madanni 61, ta ɓoye shi a ƙarƙashin gadonta. Yaya, kin ga abin da ban gani ba. Allah ya saka miki da gidan Aljanna. Mushen nan kuma ya koma ƙasarsu da daɗewa, ba mu da labarinsa. Shekara huɗu ya yi yana koya wa yaron karatun rubutun kiɗa, ko dala bai taɓa karɓa ba. In akwai wanda ya san inda yake, don Allah ya gaya masa irin da ya shuka ya yi yabanya.

Da yaron ya samu bak, wato takardar gama sakandare, ya tafi Yamai, ya shiga cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya, wadda aka buɗe a 1989. Malamansa na can su suka yi ta rubuce-rubuce har ya samu gurbi a wata makarantar kiɗa a Faransa. Ban raka shi tasha ba. Abin da ya sha a can sai daga baya na ji a bakin ƙannensa: awa shida zuwa bakwai kullum yana zaune a gaban piyano, da dare kuma wankin kwanuka a gidan abinci. Abokan karatunsa tun suna shekara biyar suke kan piyano na gaske, shi kuwa sai da ya girma yatsunsa suka san nauyin madannin katako. Ya matsa wa kansa har jijiyar hannun dama ta kumbura, likita ya hana shi taɓa piyano wata takwas. Akwai wata dattijuwa malamarsa da ta zauna da shi duk tsawon lokacin tana koya masa kiɗan hannun hagu kaɗai, ta kuma sake masa zama da yadda ake sakin nauyin kafaɗa a kan yatsu maimakon a matse wuyan hannu. Ban san ta ba, ba ta jin Hausa, amma ina so a fassara mata cewa wani tsoho a Zinder yana gode mata.

Bayan nan ya yi wasa a Faransa da Beljika, ya yi a Dakar da Abijan da Legas. Ana turo bidiyo, ƙannensa na taruwa a kan waya, ni ina tashi in ba su wuri. Bana ya ce shi fa yana so ya yi a gida, kuma a kan piyano na gaske, ba na lantarki ba.

A nan wahalar ta fara, a nan kuma na ga mutane.

Wani gida a Yamai suka ba da aron tsohon piyanonsu, irin na tsaye mai jingina da bango. Nauyinsa ya haura kilo 200, hanya kuma kusan kilomita 900. Direban kamiyon da ya ɗauko shi ya ƙi a kwantar da shi, ya jera katifu uku ya ɗaure shi a tsaye kamar yadda aka gaya masa, ya biyo Doso da Dogondutsi da Ƙonni da Madawa da Maraɗi da Tasawa yana lallaɓa ramuka. Tafiyar da ya saba yi a kwana ɗaya da yini sai da ya kwana uku, bai ƙara ko jika ɗaya a kan kuɗin da aka yi da shi ba. Ƴan dakon kasuwar Dole su takwas suka sauke shi. Da aka miƙa musu kuɗi babbansu ya ce a bari, a dai ajiye musu kujera ranar wasa su ji abin da suka ɗauka. Sun kuwa zo, su takwas ɗin, da wankakkun riguna.

Sai hunturu ya ce bai san zance ba. Ashe kayan nan katako ne da ulu da tsirkiyar ƙarfe fiye da 200, kuma jan da tsirkiyoyin ke yi wa jikinsa ya haura tan 15. In iska ta bushe katako yana tsukewa, ƙusoshin da ke riƙe da tsirkiya su yi sako-sako, murya ta zube. Kwana biyu da isowarsa yaron ya danna, na ga fuskarsa ta canza. Aka ce sai an sa wa ɗakin danshi. Duk wanda ya san Damagaram ya san darajar bidon ɗaya na ruwa. Amma matan layinmu suka raba kwana a tsakaninsu, kowace safiya a cika randuna biyu da kwanoni a ajiye kusa da shi, a jiƙa buhunan algarara a rataya a tagogi, har kwana tara. Mai ga-ruwanmu ya riƙa kawo kura guda kyauta. Ruwan da za ku yi wanki da girki kuka ba akwatin katako saboda ɗan maƙwabcinku. Allah ya shayar da ku daga Alkausara.

Mai saita muryar piyano daga Legas ya taso, ya biyo Kano da Daura ya shigo ta Matamai. Ba Hausa, ba Faransanci, sai wani ɗalibin jami'a ya zama tafinta, ya bar karatunsa kwana uku. Na je kallo ne kawai a rana ta biyu, na tsaya daga bakin ƙofa. Mutumin ya buga wani ɗan ƙarfe mai baki biyu a gwiwarsa ya kanga a kunne, aka ce mini ƙarfen yana karkarwa sau 440 a daƙiƙa ɗaya, daga wannan murya guda ake gina sauran duka. Ya cire murfin gaba, sai ga ƴan guduma 88 a jere, kowace da kan ulu, kowace kuma da ɗan maɗauri mai bakin fata da ke taimaka mata ta dawo baya in ta bugi tsirkiya. Ɓera ya cinye 14 daga ciki. Ya zo da kayan aiki amma bai zo da waɗannan ba. Ya ɗago guda ɗaya ya nuna wa tafinta, tafinta ya juyo ya dube ni, yaron kuma ya sunkuyar da kai.

Na karɓa na murza a tsakanin yatsuna. Fatar akuya ce za ta yi, mai laushi, wadda ta sha bagaruwa sosai. Na koma rumfa na zaɓo jar fata mafi kyau da nake da ita, na kankare bayanta da aska har ta yi kaurin farce, na yanka 14 daidai da awon da ya ba ni, na huda kowace da basilla. Ya ɗaura ta farko ya danna, guduma ta tafi ta dawo. Ya danna da sauri sau goma, ba ta maƙale ba. Sai ya miƙo mini hannu. Ranar na fara sa hannuna a cikin sana'ar ɗana.

Daren Asabar bayan isha'i, kujeru 200 da aka aro daga makaranta da gidajen biki suka cika, samari na tsaye a jikin bango. Yaron ya fito da farin kaftani da hula, ya durƙusa ya gai da manya, sannan ya yi bayani da Hausa. Ya ce wannan kiɗa ba a yi masa liƙi, ba a rawa, ba ya kiran sunan kowa, abin da yake roƙo kawai shi ne shiru. Na ji tsoro a nan, don na san mu. Amma wallahi kun ba shi. Har kukan jariri da ya taso uwar ta yi maza ta fita da shi.

Ya fara da ɗan gajeren kiɗa na wani Bajamushe, Bach, wanda ya ce an rubuta a 1722, lokacin ko sarautar Damagaram ba a kafa ba. Kiɗan yana tafiya a hankali kamar mai jan guga. Sannan ya yi na Beethoven na 1801, mai kashi uku, ya ce lokacin da mutumin ya rubuta shi kunnensa ya riga ya fara mutuwa. Ni da kunnen hagu ya yi nauyi, sai na gyara zama. An ce kada a yi tafi sai kashi ukun sun ƙare, amma yana gama na farko Yaya ta rangaɗa guɗa. Babu wanda ya hana ta, babu kuma wanda ya isa. Ya ɗago ya dube ta, ya ɗan dafa ƙirji, ya ci gaba. A kashi na uku hannuwansa gudu suke har ba na iya raba yatsun, jijiyar wuyansa ta tashi, ƙafarsa na taka feda. Na san aikin hannu, na san abin da shekaru ke sa wa yatsa. Wannan ba wasa ba ne, ko da yake wasa muke kiransa.

Wanda ya karya mini zuciya na Chopin ne. Ya ce mutumin ya bar ƙasarsu Folan yana da shekara 20, bai sake taka ta ba har ya rasu a Faris a 1849 yana da 39. Ya ce shi ma wannan yake kaɗawa a daren da kewar gida ta hana shi barci. Bai dube ni ba da ya faɗa. Mahaifiyarsa ba ta shiga zauren ba saboda kunyar ɗan fari, a waje ta tsaya jikin taga da lulluɓinta tun daga farko har ƙarshe. Na gode wa baiwar Allahn da ta fitar mata da kujera, ko da yake ba ta zauna ba.

Ya rufe da kiɗan Joshua Uzoigwe, Inyamuri ɗan Najeriya da ya rasu a 2005, wanda ya rubuta wa piyano kiɗa kamar na ganguna. Nan zauren ya motsa. Akwai wani dattijo makaɗin kalangu daga Birni, shekara 30 muna hulɗar fata da shi, ban taɓa gayyatarsa ko sunan jika ba. Yaron ne ya je har gida ya gayyato shi. Na hango shi yana buga cinya daidai da kiɗan, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Da aka tashi ya zo ya dafa piyanon, ya ce mini hannun hagun yaron kuntuku ne, na dama kuma uwar kalangu, kuma mai wannan hannu ɗansu ne ko daga wane gida ya fito. Baba, na gode da zuwanka. Ka yafe mini shekarun da na yi ina yi wa sana'arku kallon da bai dace ba.

Ina gode wa masu zauren, da mai gadin da ya kwana tara yana korar ɓeraye, da matasan da suka share wuri suka mayar da kujeru kafin asuba, da limaminmu da na je wa da damuwata ya saurare ni ya ba ni shawara ta natsuwa. Wanda na manta ya yi haƙuri, tsufa ne ba raini ba. Piyano ya koma Yamai lafiya jiya, direba ya bugo waya.

Kai kuma, na san za ka karanta. Na yanka maka ƙirgi, ban raka ka tasha ba, ban kalli bidiyonka ba. Ka yafe wa mahaifinka. Allah ya yi maka albarka, ya tsare maka hannuwanka.

Sauran mako uku yaron ya koma. Ya ɗauko tsohon piyanon lantarkin nan daga ɗakin gwaggonsa, har yanzu yana aiki in ban da madanni biyu, ya ajiye shi a zauren gidana. Kullum bayan la'asar zai zauna da duk yaron da ke so ya koya, mace ko namiji, ba a biyan komai. Jiya yara bakwai suka zo. Ni nake buɗe musu ƙofa.