Alawa nake sayarwa, kuma ina kallon bakin 'ya'yanku

Sana'ata alawa ce. Ina yin ta madara da gullisuwa da iloka, in na samu riɗi mai kyau in yi kantu, a firji kuma ba a rasa zoɓo da kunun aya a ƙulle a leda. Daga an taso makarantar boko har bayan isha'i sallamar yara ba ta yankewa a ƙofar ɗakina. Shi ya sa nake ganin duk layinmu babu wanda ya kai ni sanin bakin yara. Yaro in zai sayi alawa da fara'a yake zuwa, a fara'ar nan kuwa babu abin da ke ɓuya. Akwai masu haƙoran gaba da suka zaizaye suka koma baƙaƙen guntaye, akwai yarinyar da kullum da gefe ɗaya take tauna, akwai wanda ya taɓa zuwar min kunci a kumbure, an ba shi naira 50 ya sayi iloka wai don ya daina kuka.

Na san abin da za a ce: to ki daina mana. Ba zan daina ba. Da ita nake biyan kuɗin Islamiyya da zubin adashi, kuma ko yau na rufe, mai shago yana nan bakin titi da alawa mai tsinke da cingam. Abin da ya fi min amfani shi ne sanin inda ɓarnar take, kuma 'yar yayata da ta karanta likitancin haƙori a Jami'ar Bayero ce ta nuna min. Wata rana tana taya ni yanka tuwon madara ta ce, "Anti, ni ba yawan alawar nan ne ya fi damuna ba. Sau nawa take shiga baki a wuni, kuma da me yaron ya kwanta?"

Babu tsutsa a cikin haƙori, duk da masu maganin kasuwa da ke turara wa mutum hayaki su nuna masa ita a kwano. Abin da ke nan wani farin datti ne mai yauƙi da ke mannewa a gindin haƙori. In kika kankara da farce da safe za ki gan shi. Ƙwayoyin cuta ne cunkushe a ciki. Da zarar sukari ya shigo sai su ci, su fitar da tsami, tsamin ya shiga narkar da farin ɓawon haƙori. Yawu ne ke zuwa ya wanke shi, ya mayar wa ɓawon abin da ya rasa, amma sai ya samu kamar rabin awa ko fiye ba a sake jefo wani zaƙin ba. To yi lissafi. Yaron da ya ci tuwonsa ya ɗora gullisuwa uku a take, sau ɗaya aka taɓa haƙoransa. Wanda ya fita da alawa mai tsinke da safe yana tsotsa, lokacin tara ya ci biskit, a hanyar gida ya huda ledar zoɓo yana zuƙa kaɗan-kaɗan, a Islamiyya aka sam masa cingam, shi bakinsa bai huta ba tun hantsi, ko da duka abin da ya sha bai kai na wancan ba. Da dare kuwa abin ya fi muni, don in mutum ya yi barci yawu ja baya yake yi, duk abin da aka bari a haƙori ya samu fili har asuba.

Shi ya sa a gidana alawa bayan abinci take zuwa, a sha ta a gama, a kora da ruwa. A sana'a kuma in an kira magariba ba na ba ƙaramin yaro iloka, sai in ce, "Ka ce wa Mamanka na ce sai gobe." Wasu iyayen ba su ji daɗi ba, wata har aiko min ta yi wai kuɗina ne ko nata. Cikin kayan zaƙinmu iloka da hanjin ligidi ne suka fi mugunta, saboda shiga suke yi ramin turmin haƙori su lafe. Tsami gaye kuwa ya haɗa biyu, ga tsamin kuka ga sukari.

Amma gaskiya sukarin da ya fi yawa ba a hannuna yara ke samunsa ba, a kofin gidansu yake. Koko sai an zamba masa, shayi sai cokali ya kusa tsayawa, furar da a gidanmu da muna yara haka nan ake dama ta da nono, yanzu in babu sukari yaro ture ta yake. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a rana, in an sauko ƙasa da kashi 5 ya fi, wato kamar giram 25 ga babba, cokalin shayi 6. Lemon kwalba guda na 35cl yana ɗauke da kusan giram 35. Ga babba ke nan fa, amma shi muke miƙa wa ɗan shekara 3 ranar suna ya shanye shi kaɗai. Yaron da bai kai shekara 2 ba ma cewa aka yi kada a saka masa sukari sam, kuma na ga amfanin hakan a autata: ba ta saba ba, har yau kokonta da ɗan kaɗan take sha ba ƙorafi. In yunwar tsakanin abinci ta taso, dafaffen ƙwai, awara, gurji, karas, gwanda ko kindirmo duk sun wadatar, manyan kuma a ba su gyaɗa da aya.

Maganar da ta fi cin haƙoran yara a ƙasar nan ita ce "ai zai yi famfara". Uwa ta ga kogo, ta ɗaga kafaɗa, tunda dai faɗuwa zai yi. Ba mu kaɗai ba ne, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce yara miliyan 514 a duniya ke da ruɓa a haƙoran yarinta, amma yawan masu ciwo ba ya rage wa naki zafi. Haƙoran yarinta 20 ne. Na gaba su ne ke faɗuwa da wuri, wajen shekara 6 zuwa 8, amma turamen yarinta suna nan har shekara 10 zuwa 12. Turmin da ya yi kogo yaro yana ɗan shekara 4, shekaru nawa ke nan zai yi yana kwana da zogi, yana ƙin nama, yana fashin makaranta? In ya yi ƙurji a saiwa yana iya taɓa sabon da ke kwance a ƙarƙashinsa. In kuma aka cire shi tun lokaci bai yi ba, maƙwabtansa su matso su cinye gurbin, sabon ya rasa wurin fita ya ɓullo a karkace.

Sannan ga wanda yawancin iyaye ba su san da shi ba. Wajen shekara 6 wani babban turmi yana fitowa can ƙurya, bayan duka na yarinta, sama da ƙasa, hagu da dama. Babu haƙorin da ke faɗuwa kafin ya zo, babu giɓi, babu wanda ya yi masa shela. Hankalin kowa yana kan na gaban da ke girgiɗi, ana tsokanar yaro kada ya bari ƙadangare ya ga giɓinsa. Wannan turmin ba ya famfara, shi ne na har tsufa. 'Yar yayata ta kunna fitilar waya, ta sa ɗana ya hangame, ta ce in ƙirga daga tsakiya zuwa baya: biyar na farko su ne gurbin na yarinta, na shida shi ne shi. Na leƙa na gan shi, ya fi sauran faɗi, launinsa ya ɗan fi nasu duhu, samansa duk tsagogi, kuma bai gama tasowa ba, don haka buroshi tsallake shi yake yi in ba an karkata shi ta gefen kunci ba. A tsagogin nan iloka ke kwana. A asibitin haƙori, kamar sashen da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ana iya shafe tsagogin da wani abu mai daskarewa tun kafin su yi kogo, ba allura ba huji. Ki duba bakin duk ɗanki da ya shiga firamare.

Masu goyo kuma, fida ce abin lura. Jaririn da ake kwantarwa da fidar shayi ko madara mai sukari a baki, haƙoransa huɗu na gaba na sama su ne ke fara tafiya. Kafin su yi baƙi akwai alama: ki ɗaga leɓen sama, in kika ga farin layi dishi-dishi a gindin haƙori dab da dasashi, ɓarna ta fara, amma a wannan matakin ana iya tsayar da ita. Goge baki daga haƙori na farko yake farawa, wajen wata 6.

Inda muka fi ja-in-ja da Hajiya, uwar maigidana, shi ne batun "haƙori yake yi". A wurinta duk zawo da zazzaɓin ɗan wata 7 haƙori ne. Fitar haƙori tana sa dalalar yawu da ƙaiƙayin dasashi da rigima, wannan gaskiya ne. Amma zawo mai yawa da jiki rau da zafi ba aikinta ba ne. Lokacin ne yaro ke fara rarrafe yana kai komai baki, ga maleriya tana jira. In aka ce haƙori ne aka zauna, ruwan jikinsa ƙarewa yake. Na kan ce mata, "Hajiya, Allah ya ƙara girma, mu kai shi a duba, in haƙorin ne ai ba mu yi asara ba." Ruwan maganin haƙori na kemis kuwa ba ya shiga gidana. Waɗanda suka yi goyo a 2008 ba su manta My Pikin ba, wanda aka samu guba a cikinsa, yara aƙalla 84 suka rasu a Najeriya. Tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, ko yatsa wankakke a murza dasashin, sun ishe shi.

Yawancinmu da safe kaɗai muke goge baki, don kada a ji wari. Na dare shi ne mai kare haƙori, kuma bayansa babu abin da zai sake shiga sai ruwa. Makilin a duba jikinsa a ga yana da fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, an rubuta 1000 ppm ko sama. Ɗan ƙasa da shekara 3 ana shafa masa gwargwadon ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 gwargwadon ƙaramar ƙwayar wake, ba a cika buroshi tun daga kai har gindi yadda ake yi a talla ba. In an gama a tofar kawai, kada a kuskure da ruwa, don wanda ya rage a haƙori shi ke aiki. Wannan ya fi komai wuyar karɓuwa a gidana, maigida har yanzu sai ya kuskure. Dalilin ɗan kaɗan ɗin kuma shi ne yara haɗiyewa suke, fuloraid in ya yi yawa lokacin da haƙori ke ginuwa yana sa masa dabbare-dabbare. A wurare irin su Kaltungo da Langtang, da Tibiri ta Maraɗi, ruwan ƙasa ne da kansa ya zo da shi fiye da kima, har haƙoran mutane suka rine, kuma ba rashin wanke baki ba ne.

Yaro ba ya iya goge wa kansa da kyau sai wajen shekara 7 ko 8. Kafin nan wasa yake da buroshi, ya tsotse zaƙin makilin ya ce ya gama. Ni zama nake a tabarma, in kwantar da kan yarinya a cinyata kamar zan yi mata kitso, a haka nake ganin har ƙurya. Minti biyu ne, amma daren da aka ɗauke wuta ga gajiya ga yaro ya fara gyangyaɗi, minti biyun nan ba wasa ba ne. Aswaki ban yarda a raina shi ba. Annabi (SAW) ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da yin sa a kowace salla, kuma mai yin sa sau biyar a wuni, na Makka ne ko na darbejiya, dattin nan ba ya samun zama a bakinsa. Mu haɗawa muke yi: aswaki da rana, buroshi da makilin safe da dare. Gawayi da toka ne dai na hana, suna sa haske na ɗan lokaci amma kankare ɓawon suke yi, shi kuwa ba ya tsirowa.

In ciwo ya riga ya zo, kanumfari yana ɗan lafar da zogi kafin gari ya waye, amma ba ya cike kogo. Ƙwayar asfirin da ake dannawa a dasashi ƙona shi take, ruwan batir da na ji wasu na ɗigawa kuwa ba na ma son tuna shi. Kumburin fuska da zazzaɓi na asibiti ne a ranar. Haka dasashin ƙaramin yaro in ya kumbura yana jini, baki yana wari mai ƙarfi, musamman ramammen yaro ko wanda ya tashi daga ƙyanda: ta nan cutar Noma ke farawa, wadda ke cinye kunci da leɓe cikin 'yan kwanaki. Ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 6. A Sakkwato akwai asibiti sukutum nata tun 1999, kuma Najeriya ce ta ja gaba har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disamban 2023. In an kama ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai kyau suna tsayar da ita.

Masu 'yan ƙwallo da 'yan tseren keke, in yaro ya faɗi haƙorin girma ya fita ɗungurungum, kada a jefar. A riƙe shi ta kai, ban da saiwar, in ya yi ƙasa a ɗauraye shi kaɗan ba tare da an goge ba, a mayar da shi gurbinsa yaron ya ciji tsumma. In an kasa, a saka shi a kofin madara ko cikin yawun yaron, kada a naɗe shi a takarda ya bushe, a kama hanyar asibiti kafin awa guda ta cika. Na yarinta ne kaɗai in ya fita ba a mayarwa.